Tsagar Inna Tasalla

Tun da aka kawo wayoyi masu gyara hoto da kansu, ba a ƙara ganin wanda ya rufe ido ko ya karkace a hoton iyali ba. Ranar Sallah, Suwaiba ta tara mutanen gidansu ta ɗauka. Wayar ta jera kowa daidai tsawonsa, ta haske fuskoki, ta kuma goge tsagar Gobirawa da ke kumatun kakarta, Inna Tasalla.

Tsohuwar ta daɗe tana duban hoton. "Kyakkyawa ce. 'Yar gidan wa ce?"

"Ke ce mana, Inna."

"A'a. Ni dai ban yi Sallar nan da ku ba."

Washegari Suwaiba ta kai wayar wurin Ɗanliti mai gyara a kasuwar Sabon Birni. Ya ce ba a iya kashe gyaran hoton, don wayar tabo take ɗaukar tsaga. "Amma ki wanko hoton, in zana miki da hannu. Daga ina tsagar ta taso, ina ta tsaya?"

Suwaiba ta kasa tuna yadda tsagar take, alhali a hannun matar nan ta girma. Ta duba tsofaffin hotuna, ta tarar a cikinsu ma wayar ta bi ta goge tsagar.

Ta koma gida ta durƙusa gaban kakarta, ta bi layukan da yatsa daga gefen baki har kusa da kunne, tana mamakin yadda ɗaya ya kauce wa 'yan'uwansa.

"Hannun wanzamin ne ya yi rawa," in ji Inna tana dariya. "Kirawo ƙannenki su ma su kalla. Bayan ni, ban san inda za su gani ba."