Dutsen Taimamar Baba

Ina ɗan shekara tara ciwo ya kwantar da Baba, har alwala ta gagare shi. Wata la'asar a gidanmu na Ƙofar Kibo ya kira ni, ya ce in miƙo masa dutsen da ke kan akwatin littattafansa, zai yi taimama.

Baƙin dutse ne, faɗinsa kamar tafin hannu. Ina juya shi na ga wani abu kamar kyankyaso manne a jikinsa, bayansa duk layi-layi. Na saki dutsen ya faɗi kan tabarma.

"Kai, matsoraci, ɗauko!" in ji Baba, yana dariya tari na sarƙe shi. Shi malamin ilimin duwatsu ne a jami'a, dutsen kuma tsarabar wani abokinsa ce daga Maroko.

"Ƙwaron teku ne, sunansa tirilobayit. Ya mutu tun ba a yi ɗan Adam ba. In ka ga irinsa a dutsen Maroko, ka kuma gan shi a dutsen Sin, to duwatsun nan tsara ne, ko da teku ta raba su."

Ya dafa dutsen, ya shafi fuskarsa. Da alama bai gama magana ba, amma ana buga ƙwallo a waje. Na ce "to", na fice da gudu.

Bai ga daminar shekarar ba.

Bana na cika arba'in da ɗaya, daidai shekarunsa lokacin da ya bar duniya. Dutsen yana kan teburina. Mun zama tsara, Baba, kuma yanzu ba inda nake sauri.