Murhun da Ba a Taɓa Hurawa Ba

Ina ƙarama a Chadi, kafin mu taso Makka, kakana ya kai ni kurmin da shi da abokansa suka ɓoye wa sojoji lokacin yaƙi. An killace wurin don tunawa da su. Ya nuna mini duwatsun murhu, farare tas.

Na ce, "Kaka, ina baƙin hayaƙin?"

Ya ce, "Amarya, hayaƙi ɗan tsegumi ne, gari muke jiƙawa. Mun dai kafa murhun ne don wurin ya yi kama da gida."

Jiya a ɗakinmu na unguwar Hindawiyya a nan Makka na soma ba 'yata labarin. Ta ce da Larabci, "Ummi, murhu ya'ni esh?" wato mene ne murhu. Kafin in amsa, an kira ta a waya, ta fita. Ni kaɗai na ƙarasa labarin.