Masu Sauraro Arba'in

"Ke mai lamba sha bakwai, yau ko ki yi magana ko ki maimaita kwas ɗin nan," in ji Malama.

Wata uku ke nan ina laɓe a ajinmu na intanet, kyamarata a kashe kamar ta kowa. Amsoshin suna nan cikin littafina, tsoron dariyar mutum arba'in ne ya ɗaure mini baki.

Na kunna makirufo. Minti biyar ina bayani, ina jiran wani ya tuntsire da dariya.

"Ashe kina da baki! To, wa zai ƙara, wa zai musa?"

Shiru.

"Duk ta gamsar da ku ke nan, manyan malamai? Lokaci ya yi, kowa ya tafi."

Na jira in ga sunayen 'yan ajin suna ɓacewa daga fuskar wayata. Ko ɗaya bai motsa ba. Malama ta yi ajiyar zuciya, ta shiga fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kwashe kujeru bayan taro.

"Waya suke kunnawa su kama gabansu," ta ce. "Je ki, 'yata. Ni zan ƙarasa."