Tambarin Motar Baturen Hanya

Ranar da Baturen hanya zai koma ƙasarsu, a shekarar samun 'yancin kai, ya miƙa wa akawunsa mabuɗin tsohuwar motarsa.

Shekara tara akawun ya yi yana tsintar tamburan ƙarfe na motoci da gargadar hanyar Kurfi ke kakkaɓowa, yana goge su da toka, yana adanawa. Na wannan motar kaɗai ya ƙi faɗuwa.

"Malam, taka ce," in ji Baturen.

"Duka, ranka ya daɗe?"

"Duka."

Akawun ya yi godiya yadda ta kamata. Ya ari sukundireba, ya kwance tambarin, ya sa aljihu, ya hau kekensa. Motar kuwa, kajin Dutsin-Ma sun shekara takwas suna ƙwai a cikinta.