Gudumar Cyril Tromans

Motar ba ta gama tsayawa ba Cyril Tromans ya fara kiciniyar buɗe ƙofa. Matar da ke tuƙa shi ta miƙa hannu ta kwance masa bel, ta gyara masa hula, sannan ta sauko daga kan matashin da take ɗorawa a kujera don ta hango titi.

"Baiwar Allah, ɗaga ƙafa mana," in ji shi. "Wanda ya haɗa ni da ke ya cuce ni."

Tun da sanyi ya wuce suke wannan yawo. Dudley, Tipton, Cradley Heath, babu tsohuwar masana'antar ƙira da ba su leƙa ba. Abu ɗaya tsohon yake nema: gudumar injin da ya ƙare ƙarfinsa a gabanta yana ƙera ƙugiyoyi da sarƙoƙin jiragen ruwa. Da masana'antarsu ta mutu aka yi gwanjonta, ta bi hannu-hannu har aka rasa inda ta faɗa. Ga 'yan gwangwan kuma suna bin irin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, su kuwa ba ruwansu da tarihin ƙarfe, nauyinsa suka sani.

Irin wannan guduma mutum biyu ke aiki da ita. Maƙeri yana riƙe da jan ƙarfe a awartaki, wani yana gefe yana jan mariƙin da ke sako ta. Ƙara ba ta bari a ji magana, saboda haka da kai ake zance. Maƙeri ya gyaɗa kaɗan, a taɓa. Ya gyaɗa sosai, a kirɓa. In mai ja ya yi kuskuren karanta kan mutum, yatsu ne a ƙasa. Mai jan Cyril kuwa matarsa ce, Beryl, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya sha labarinta. Burinsa ya koma gida ya ce mata ya samo musu gudumarsu.

Wurin na yau rabin rufinsa ya yaye, yayyafi yana sauka a kan injina. Mai gadin, wani dattijo mai rawani da ake kira Gurdev, ya taso da fara'a yana buɗe hannuwa. Matar ta girgiza masa kai a hankali. Ya tsaya, ya mayar da hannuwansa aljihu.

"Sannu da zuwa, maigida," ya ce wa Cyril. "Tana can ƙurya."

Cyril bai jira rakiya ba. Daga nesa ya gane walda mai kama da tabon ƙuna a ƙafarta ta hagu, aikin hannunsa. A gindin mariƙin ga guntun katakon da ya taɓa kafawa don Beryl ta riƙa takawa. Ya dafa ƙarfen. Mutumin da ba ya iya tuna ko ya karya kumallo, sai ga shi yana lissafa kowane ƙusa da sunansa.

"An riga an sayar da ita," Gurdev ya gaya wa matar ƙasa-ƙasa, ta wajen kunnenta na dama, don na hagun ba ya ji. "Gobe da safe za su zo da wuta su yanka. Na roƙa har na gaji. Amma ban bari an yanke lantarki ba."

Aka zuba mai, aka kunna. Injin ya yi tari, ya yi nishi, sannan ya kama numfashi. Ƙurar shekaru ta zubo daga sama.

"To wa zai ja mini?" Cyril ya dubi Gurdev, ya dubi matar. "Ke? Ke da ko kwana ba ki iya sha da mota ba?"

Ta cire rigar ruwanta, ta naɗe hannun riga, ta hau katakon.

A masana'antun nan ba a yarda da sabon mai ja sai an gwada shi da ƙwai. Cyril ya buɗe ƙunshin abincin ranarsu, ya zaro dafaffen ƙwai, ya tsayar da shi a kan uwar maƙera. Ya ja da baya, ya gyaɗa kai, gyaɗawar da ko Gurdev bai gani ba.

Ƙarfen da ya fi ƙaramar mota nauyi ya sauko, ya sumbaci ƙwan, ya koma sama. Ɓawon kawai ya tsage.

Matar ba ta saki mariƙin ba. Ta zuba wa Cyril ido, don duk wahalar watannin nan saboda wannan lokacin ta sha ta. Shi ma ya daɗe yana kallonta. Har ya ɗan buɗe baki kamar wani abu zai fito.

"Ba laifi," ya ce. "Kina da hannu. Amma da kin ga Beryl, da kin san ke wasa kike yi."

Ya ɓare ƙwan, ya raba biyu, ya ci rabi. Ɗaya rabin ya naɗe a hankici ya sa a aljihu da kula.

"Wannan nata ne. Kai ni gida, baiwar Allah, kada ta gaji da jira."

Gurdev ya kashe injin, ya juya musu baya yana share ido da gefen rawani. Matar ta sauko daga katakon, ta ɗauki rigarta. Ta ce wa Cyril to.

Ta riƙo hannunsa suka nufi mota, kamar yadda ta riƙo shi suka fito daga coci shekaru arba'in da wani abu da suka wuce, lokacin da yake iya gane fuskar Beryl ɗinsa.