Tela a garkar uwarsa

Tunda ka ce da zarar gidan nan ya dawo hannunka sai ka sake masa fasali, tsaya in ba ka misalin wani tela.

Uwarsa tsohuwa ce a ƙauye, tana da 'yar garka a bayan ɗakinta wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. Akwai yakuwa a ciki, da rama, da kabewa mai hawa danga, amma abin da ya fitar da sunan garkar kuɓewa ce, wata gajeriya mai jan wuya, wadda guda biyar sun isa a kaɗa miyar gida guda, ga yauƙi ga ɗanɗano. Ba a samun irinta a kasuwa. A ƙullin zane tsohuwar ta zo da irin ranar da aka kawo ta ɗakin miji, daga hannun tata uwar, kuma shekara arba'in da 'yan kai ba ta bari ya yanke ba. Damina na tsaka sai ta zaɓi tushen da suka fi ƙoshi ta ɗaura musu ƙyalle, alamar kada kowa ya tsinka. A nan 'ya'yan za su ƙosa su bushe a tsaye, sannan ta yanke, ta ɓare, ta zuba a gora tare da toka. Ƙyallayen kuwa daga shagon ɗan nata suke fitowa. Duk shekara takan aika birni ya tara mata, shi kuma ya aiko, bai taɓa cewa me ake yi da su ba.

Wata shekara da kaka, ruwa ya ɗauke, tsohuwar ta tafi wani gari kula da 'yarta da ta haihu. Telan ya daɗe bai leƙa gida ba, abin yana cinsa a rai, sai ya ce bari ya je ya gyara mata wuri kafin sanyi ya sauka, ta dawo ta sa masa albarka. Niyya dai ba ta da laifi. Ya sake danga da sabon kara saboda awakin da za a saki, ya toshe ramukan ɓera, ya faskara itace ya jera a gindin ɗaki. Da ya shiga garka sai ya tarar da busassun karare tsaye, ga tsummokara na reto a jikinsu, rana ta cinye launinsu. Mutumin da kullum da yamma yake share irin waɗannan daga ƙarƙashin keken ɗinki, me zai gani a cikinsu in ban da shara? Wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga ta ce, "Tela, da dai ka bar wajen nan sai Inna ta dawo." Ya ce, "Haba Gwaggo, shara ma sai an jira mai wuri? Nan fa macizai ke samun makwanci." Ita ta ɗauka ya san na iri, tunda ƙyallayensa ne, sai ta koma kan dakanta. Telan ya tumɓuke kararen kaf, ya share ƙasar har ba ka ganin tsinke, ya tara a tsakiyar garka ya cinna wuta. Yana jin abu na fashewa ƙas-ƙas a cikin wutar, bawan Allah har daɗi yake ji wai ƙwari ne ke mutuwa.

Ranar da tsohuwar ta dawo yana gida yana jiranta. Ko ruwa ba ta sha ba ta ɗauki wuƙa ta zaga baya, don tun tana can take ƙirga kwanakin bushewar. Ta daɗe a tsaye a bakin garka. Shi ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Ɗan nan, sannu da aiki. Waɗanda na ɗaura wa ƙyalle, ina ka ajiye mini su?" Sai ya ɗaga hannu ya nuna mata tudun toka. Ta duba, ta duba, ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Goran irin bara babu ko ƙwaya, ta shuka rabi ta rabar da rabi yadda ta saba. Telan ya bi gida-gida yana tambaya. Babu gidan da bai ci kuɓewar nan ba, babu kuma wanda ya ajiye iri, kowa amsarsa ɗaya: "Mu da muke da Inna, me zai sa mu ajiye?" Sai ya sa rai ga gyauro, ko wata ƙwaya da ta zube za ta tsiro da kanta. Da ruwan farko ya sauka, duk mako sai ya rufe shago ya zo ya tsuguna a garka yana bin tsiro ɗaya bayan ɗaya. Amma ai mutumin ya iya shara. Inda malalaci zai bar ƙwaya goma a ƙasa, shi bai bar ko ɗaya ba. Ciyawa ta fito, zaƙi-banza ya fito, kuɓewa ba ta fito ba. Ya sayo irin kasuwa, dogaye masu kyan gani, tsohuwar ta shuka don kada ta ƙara masa baƙin ciki, ta kaɗa miya ta zuba masa, ita kuwa ta ci tuwonta da kuka. Damina biyu bayan haka ta rasu, ba ta sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya, shi kuma bai taɓa yafe wa kansa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.