Motar da Ta Fi Ƙarfin Zani

Kai da kake shirin taɓa abin da kake ci da shi, zauna ka ji misalin wani mai akori-kura.

Direba ne a wani ƙauye da ke bayan rafi, kuma abincin gidansa gaba ɗaya a hannun mata yake. Duk ranar kasuwa su yake kwasa, masu daddawa da masu man gyaɗa, da wata tsohuwa mai tukwane wadda in ta hau mota sauran su hau, in ta ƙi su ƙi. Motar tasa ta kwana biyu, gajera ce, bayanta bai wuce cinyar mutum ba. Mace ta aza kayanta, ta juya ta zauna a bakin bodi, ta janye ƙafafunta ciki, shi ke nan. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat, wato yashin rafin nan. Ko ɗigon ruwa babu da rani, amma duk sanda ya shiga sai motar ta kafe. Kowa ya sauka, a tona, a shimfiɗa kara a ƙarƙashin taya, mata su tura suna yi masa tsiya, shi kuwa gumi har cikin ido. Shekara da shekaru ana abu ɗaya, har ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ran nan a birni ya ga wata mota da tayoyi kamar na tarakta, ransa ya biya. Ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya sayi wili huɗu masu faɗi da manyan tayoyi, mai faci ya karɓe tsofaffin a cikin cinikin. Da aka ɗaura, sai taya ta riƙa gugar bodi in ya sha kwana, mai walda ya yanke gefen bodin. Aka gwada ta da kaya ta sake guga, bakanike ya ƙara sifirin ya ɗaga motar sama. Ya dawo ƙauye yana leƙa tsakar gidajen mutane ta kan danga, ya faɗa yashin nan ya fita ko giya bai canja ba. Bawan Allah, a zatonsa wahala ta ƙare.

Ranar kasuwa mata suka fito da kayansu, suka yi cirko-cirko. Bayan motar ya kai musu ƙirji. Namiji mai wando sai ya taka taya ya haye, to mai ɗaure da zani fa? Ta yaya za ta ɗaga ƙafa har can a bakin tasha, ga majalisar mai shayi an zuba ido? Shi wannan ko kusa bai zo masa a rai ba, da yake bai taɓa ɗaura zani ba. Ya aro benci suka hau da ƙyar, kowace tana kare jikinta da gyale. A kasuwa kuma sauka ta fi hawa wuya, ga maza ko'ina, ba kuma damar ya kama hannun matar wani ya sauko da ita. Wata mai man gyaɗa ta yi ƙarfin hali ta diro, zaninta ya maƙale a ƙarfe. Cikin 'yan dako wasu suka kau da kai, wasu ba su kau ba. Kasuwar da ta zagayo kuwa, rabin matan ne kawai suka fito. Ya sa aka haɗa masa matakalar ƙarfe, kututture ya fizge ta a hanya. Daga baya tsohuwa mai tukwane kaɗai ta zo, ita ma ba hawa ta zo yi ba. Ta dubi motar sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, turin mota gajiya ce, mu kwana ta wuce. Kunya kuwa ba ta wucewa da kwana." Ta sa aka kai tukwanenta wata gajerar mota ta wani mutumin ƙauyen gaba, sauran duk suka bi ta.

Ya koma wurin mai faci neman tsofaffin wilinsa, ya tarar tuni an sayar. Ko da ma suna nan, bodi ya yanku, sifirin ya ɗagu, ba shi da wani bijimin da zai sayar a mayar da komai yadda yake. Ga tayoyin nan da shan mai, ga gida ana jiran cefane. Abin da ya rage masa yanzu shi ne ya je bakin rafi ranar kasuwa ya jira. In motar mutumin ƙauyen gaba ta kafe, sai a yafito shi, ya ɗaura igiya ya janyo ta, direban ya miƙa masa na goro. Matan nan da suka ciyar da gidansa shekaru su leƙo daga motar wani su ce, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka," su wuce kasuwa. Shi kuwa ya naɗe igiyarsa, ya ɗaga kai ya dubi tsawon da zai hau kafin ya kai ga sitiyari, sai ya zauna a kan yashi a inuwar taya.

To ka ji. Ba banza ba Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.